Ranganathan, malamin lissafin da ƙungiya ta mayar uban ɗakunan karatu a Indiya

Idan aka ambaci Indiya a kasuwar Madarunfa ko ta Maraɗi, abin da ke fara zuwa rai shi ne fina-finai da magunguna. Yau tarihin wani Ba'indiye muka kawo muku wanda bai taɓa fitowa a fim ba. Sana'arsa kula da littattafai, kuma rayuwarsa ta nuna abin da shiga ƙungiyar abokan sana'a ke yi wa mutum.

An haifi Shiyali Ramamrita Ranganathan a shekarar 1892 a kudancin Indiya, lokacin mulkin Turawan Ingila. Ya karanci lissafi, ya zama malami, yana kuma son aikinsa, sai dai albashin bai taka kara ya karya ba. A 1924 Jami'ar Madaras, birnin da ake kira Chennai a yau, ta ɗauke shi aikin shugabancin ɗakin karatunta. Bai daɗe ba ya ji aikin ya gundure shi: ɗaki shiru, littattafai a jibge, masu shigowa ƙalilan. Ya koma wurin manyansa ya roƙi a mayar da shi aji.

Sai aka yi yarjejeniya da shi, ya tafi Landan ya koyo sana'ar, in ya dawo bai gamsu ba a ba shi allinsa. A Ingila ya zauna ƙarƙashin Berwick Sayers, shugaban ɗakin karatu na Croydon, ya kuma zagaya ɗakunan karatu masu yawa. Can ya ga leburori da matan aure suna shiga su ɗauki littafi da hannunsu su tafi da shi gida. Ya dawo a 1925, bai sake maganar komawa aji ba.

To amma ganin abu daban, iya yin sa daban. Ma'aikaci ɗaya a cikin jami'a ba ya da bakin da gwamnati za ta saurara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa a 1928 ya haɗu da lauyoyi da malamai da sauran masu son karatu, suka kafa Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Madaras, shi ne magatakardanta.

Daga nan al'amarinsa ya buɗe. A 1929 ƙungiyar ta fara horar da ma'aikatan ɗakunan karatu, daga baya jami'a ta karɓi horon. Ƙungiyar ce ta buga littafinsa na 1931 a kan ƙa'idoji biyar na wannan sana'a, da na 1933 a kan sabuwar hanyar jera littattafai yadda mai nema zai same su da sauri. Duk mai shago ta san wannan hikimar: hajar da aka ɓoye a ƙarƙashin tebur ba ta sayuwa. A 1931 kuma, kusa da garin Mannargudi, Ranganathan ya ƙaddamar da amalanken shanu mai yawo da littattafai ƙauye-ƙauye, irin amalanken da ke kawo mana gero ranar kasuwa.

Babban abin da ƙungiya ta ba shi shi ne ƙarfin neman doka. Tun 1930 ya rubuta daftarin dokar ɗakunan karatu na jama'a, ƴan ƙungiya suka yi ta bibiya shekara da shekaru ba su gaji ba. A 1948 majalisar Madaras ta zartar da ita, ita ce ta farko bayan samun ƴancin Indiya. Dokar ta ɗora wani ɗan ƙari a kan harajin gidaje domin ciyar da ɗakunan karatu, don kada su dogara ga kyautar masu kuɗi.

Ƙungiya ta kuma rufa masa asiri ranar wuya. A 1945 ya bar Madaras bayan saɓani da shugabannin jami'ar. Da shi kaɗai ne, da wataƙila labarinsa ya ƙare nan. Amma tun 1944 yana shugaban Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Indiya baki ɗaya, muƙamin da ya riƙe har 1953, sunansa ya riga ya zagaye ƙasa. Jami'ar Banaras ta kira shi, bayanta ta Delhi a 1947. A 1957 gwamnati ta ba shi lambar girma ta Padma Shri, a 1962 ya kafa cibiyar horo da bincike a Bangalore. Can ya rasu ranar 27 ga Satumba 1972. Har yanzu Indiya na bikin ranar ma'aikatan ɗakunan karatu kowace 12 ga Agusta don tunawa da shi.

Iyayenmu mata na jihar Maraɗi ba baƙi ba ne ga wannan darasi, don a nan aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, kuma sun san yadda ƴar dala-dalar mako ke zama jari idan aka haɗa ta a asusu ɗaya. Masu kula da ɗakunan karatu na lakwal-lakwal da garuruwanmu, yawancinsu kowa na zaune shi kaɗai da ƙura da gara. Tarihin Ranganathan nasu ne, su nemi juna su haɗa kai.