Sifiriyan, Bishop na Birnin Kartaj

An haifi Sifiriyan a Arewacin Afirka a farkon ƙarni na uku na Miladiyya, a gidan masu hali waɗanda ba Kirista ba ne. Ya yi suna wajen koyar da fasahar magana a Kartaj, birnin da kufansa yake kusa da Tunis a yau. Sai da ya manyanta, wajen shekarar 246, aka yi masa baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista. Ba a yi shekara uku ba jama'a suka zaɓe shi bishop.

A wancan zamani, kowane gari bishop ɗaya gare shi. Shi ne shugaban ikkilisiya, wato jama'ar masu bi, shi ne kuma mai jagorantar baftisma da Jibin Ubangiji, inda ake cin gurasa a sha ruwan inabi don tunawa da mutuwar Almasihu. A ƙarƙashinsa akwai dattawa, sai kuma masu hidima, waɗanda suke kula da gwauraye da matalauta. Wasu daga cikin dattawan Kartaj ba su ji daɗin naɗa sabon shiga a kansu ba.

A shekarar 250, Sarkin Rum Desiyus ya ba da umarni kowa ya yi hadaya ga gumaka, ya karɓi takardar shaida. Kirista da yawa suka yi, wasu kuma suka sayi takardar da kuɗi. Sifiriyan ya ɓuya a wajen gari, yana tafiyar da ikkilisiya ta hanyar wasiƙu, abin da abokan hamayyarsa suka daɗe suna goranta masa.

Da ƙura ta lafa, waɗanda suka yi hadayar suka nemi komowa. To, wa yake da ikon buɗe musu ƙofa? Waɗanda suka sha ɗauri saboda bangaskiya suka riƙa ba su takardun yafewa, wasu dattawa kuma suna karɓarsu nan take. A birnin Rum kuwa, Nobatiyan da mabiyansa suka ce sam ba komowa. Sifiriyan ya bi tsakiya. Taron bishop-bishop da ya kira a 251 ya yanke cewa za a karɓe su bayan sun nuna tuba, gwargwadon nauyin laifin kowa, amma ta hannun bishop. A wannan shekara ya rubuta littafinsa a kan haɗin kan ikkilisiya.

Rigima ta biyu ta fi zafi. A ganinsa, baftismar da 'yan aware suka yi ba baftisma ba ce, sai an sake. Istifanas, bishop na Rum, ya ce ɗora hannu kawai ya isa. A watan Satumba na 256, bishop-bishop fiye da 80 suka taru a Kartaj suka goyi bayan Sifiriyan. Duk da haka, ra'ayin Rum ne ya yi rinjaye daga baya a ƙasashen Yamma.

A 257, zamanin Sarki Baleriyan, aka kore shi zuwa garin Kurubis. Wannan karo bai ɓuya ba. Da aka dawo da shi, ya ƙi yin hadaya, aka fille masa kai ranar 14 ga Satumba, 258. Fontiyus, wani mai hidima da ya bi shi gudun hijira, shi ne ya rubuta tarihinsa.