Tarihin Ja'afar Numeiri: Shugaban Da Ya Ɓoye Yunwa Har Ta Ci Mulkinsa

A wannan mako mun waiwayi rayuwar marigayi Ja'afar Muhammad Numeiri, wanda ya mulki Sudan shekara 16. An haife shi a Omdurman a shekarar 1930, ya gama kwalejin soja a 1952, ya kuma ƙwace mulki ranar 25 ga Mayu, 1969 yana da muƙamin kanar.

Babban abin da ake yabonsa da shi shi ne yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972, wadda ya ƙulla da Joseph Lagu, madugun 'yan tawayen Anyanya, aka kawo ƙarshen yaƙin basasa na shekara 17. Kudancin ƙasar ya fito daga yaƙin babu abinci, ga 'yan gudun hijira na dawowa gida. Sudan kuwa ta yanke hulɗa da Amurka tun 1967, sai Numeiri ya maido da ita a watan Yulin 1972, agaji ya fara shigowa.

To, amma zumuncin bai yi nisa ba. A watan Maris na 1973 'yan ƙungiyar Falasɗinawa ta Black September suka kashe jakadan Amurka, Cleo Noel, da wasu jami'an diflomasiyya biyu a ofishin jakadancin Saudiyya da ke Khartoum. Kotu ta yanke masu ɗaurin rai da rai a 1974, sai Numeiri ya sassauta hukuncin, ya miƙa su ga ƙungiyar PLO, aka wuce da su Masar. Amurka ta fusata, ta janye jakadanta, ta dakatar da taimako har zuwa 1976. Daga nan ya zama ɗan gaban goshinta, musamman da ya mara wa Anwar Sadat baya kan sulhu da Isra'ila.

A 1983 ya warware yarjejeniyar da ya ƙulla da hannunsa, yaƙi ya sake ɓarkewa a kudu. Ana cikin haka fari ya afka wa Darfur da Kordofan. A 1984 dubban mutane suka baro ƙauyukansu suka yada zango a Muwailih, bayan garin Omdurman. Shugaban da ya sha alwashin mai da Sudan rumbun abincin ƙasashen Larabawa ya ga abin kunya ne ya roƙi hatsi. Ya yi watanni yana musanta yunwar, aka riƙa kwashe masu hijira a manyan motoci ana mayar da su inda suka fito. Da dawar agaji ta Amurka ta iso, talakawa suka raɗa mata suna Reagan. Masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum dubu 100 suka rasu a Darfur kaɗai.

Mai ba ka abinci kuwa ba ya rasa sharaɗi. Masu bin Sudan bashi, da Asusun Lamuni na Duniya a gaba, suka matsa a janye tallafi. A watan Maris na 1985 farashin burodi da man fetur ya tashi, abin da mai saye da mai sayarwa a Suk al-Arabi, babbar kasuwar tsakiyar Khartoum, suka ji a jikinsu. Ɗalibai suka fito zanga-zanga, likitoci da lauyoyi suka shiga yajin aiki, alhali Numeiri yana Washington neman ƙarin taimako. Ranar 6 ga Afrilu Janar Suwar al-Dahab ya karɓe mulki.

Numeiri ya zauna a Alƙahira har 1999 kafin ya koma gida. Ya rasu ranar 30 ga Mayu, 2009, aka binne shi a Omdurman. Darasin da muka ɗauka shi ne, shugaba na iya ɓoye wa duniya komai, ban da yunwar talakawansa. Allah Ya jiƙansa, Ya ba shugabanninmu ikon faɗin gaskiya tun kafin rumbu ya ƙare.