Shibata Zeshin, Gwanin da Ya Raya Sana'ar Urushi a Japan

An haifi Shibata Zeshin a birnin Edo, wanda a yau ake kira Tokyo, a shekarar 1807. Yana ɗan shekara 11 aka kai shi koyon aikin urushi wurin Koma Kansai na Biyu. Urushi wani ƙaro ne da ake tatsowa daga itace, a shafa shi shafi bisa shafi a kan akwatuna da kwanuka, sannan a barbaɗa garin zinariya tun bai bushe ba domin fitar da ado.

Bayan sauyin mulkin Meiji na 1868, manyan da ke sayen waɗannan kaya suka rasa matsayinsu, shigowar tufafin Turawa kuma ta sa aka rage rataya ƙananan akwatunan inro a ɗamara. Kasuwar masu sana'ar ta durƙushe. Zeshin ya buɗe mata sabuwar hanya da manyan allunan bango da kuma zane da urushi a kan takarda. Allonsa mai hoton Dutsen Fuji ya sami lambar yabo a baje kolin duniya na Vienna a 1873.

A 1890 aka naɗa shi cikin masu fasahar Fadar Sarkin Japan. Ya rasu a 1891.