Lewis Hine: Mutumin da ya mayar da hoto shaida

An haifi Lewis Hine a garin Oshkosh na jihar Wisconsin a Amurka ranar 26 ga Satumba, 1874. Yana saurayi mahaifinsa ya rasu, don haka sai da ya ɗanɗana ƙwadago a masana'anta kafin ya karanci ilimin zamantakewa. Yana koyarwa a birnin New York ya fara ɗaukar hoto.

A 1908 kwamitin ƙasa mai yaƙi da bautar da yara ya ɗauke shi aiki. Masu masana'antu ba sa maraba da shi, shi ya sa yakan yi shigar burtu, wani lokaci a matsayin mai duba matakan kashe gobara. Da maɓallan kwat ɗinsa yake auna tsayin yaro, sannan ya rubuta suna da shekaru da awannin aiki.

A watan Janairun 1911, ana tsananin hunturu, ya ɗauki yaran da ke tsince duwatsu daga cikin kwal a jihar Pennsylvania, ƙura ta rine musu fuska. Ya kuma bi tituna yana ɗaukar yara masu tallan jarida cikin sanyin dare. Hotunan baƙi da fari ne, babu launin da zai ɗauke hankali, dole ido ya tsaya kan fuska da hannuwa.

Hotunan sun taimaka wajen kafa dokar taƙaita aikin yara a 1916. Kotun ƙoli ta soke ta a 1918, kuma sai a 1938 aka samu wadda ta ɗore. Hine ya rasu cikin talauci ranar 3 ga Nuwamba, 1940, bayan ya rasa gidansa. A yau hotunansa sama da 5,000 na adane a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka.

Najeriya na da dokar kare haƙƙin yara tun 2003. Duk da haka, wanda ya bi ta Ƙofar Doka a Zariya da sassafe lokacin hunturu zai tarar da yara 'yan talla da almajirai cikin hazo, tsakanin masu shayi da 'yan dako. Matasa masu wayar hannu sun fi Hine kayan aiki. Abin koyi daga gare shi shi ne ƙa'ida: a haɗa hoto da bayani ingantacce, a kiyaye mutuncin yaro, a kai hujjar gaban masu yin doka.