Jigoro Kano, malamin judo

An haifi Jigoro Kano a ƙasar Japan, kusa da birnin Kobe, a shekarar 1860. Yaro ne ɗan ƙarami, marar ƙarfi. A makaranta manyan yara suna cin zalinsa. Da ya kai shekara 17, sai ya fara koyon jujutsu, wata tsohuwar kokowa ta ƙasarsu.

Kano ya ga kokowar nan tana ji wa mutane ciwo. Sai ya fid da kamun da ke da haɗari, ya gyara sauran. A 1882 ya buɗe makarantarsa a Tokiyo, cikin wani ɗaki mai tabarma 12. Ya sa wa makarantar suna Kodokan, sabuwar kokowar kuwa ya kira ta judo.

A ɗakin koyo, ladabi ne gaba da kome. Ɗalibi yakan tuɓe takalma kafin ya taka tabarma. Yakan sunkuya ya gai da malami, ya gai da abokin karawarsa, kafin kamu da bayan kamu. In abokin ya ji wuya, ya bubbuga tabarma, nan take ake sakinsa. Mutum ba ya koyon kaye shi kaɗai: abokinsa ne ya ara masa jikinsa. Wanda ya karya abokinsa yau, da wa zai koya gobe?

Kano ya rasu a 1938 cikin jirgin ruwa, yana komawa gida. A 1964 judo ya shiga wasannin Olimpik a Tokiyo. Har yau, kowace karawa da gaisuwa take farawa, da ita take ƙarewa.