William Tubman: Mutumin Amurka a Laberiya

An haifi William Tubman ranar 29 ga Nuwamba, 1895, a garin Harper na ƙasar Laberiya. Kakanninsa na wajen uba 'yantattun bayi ne da suka zo daga Amurka, wato ya fito daga tsirarun da suka riƙe mulkin ƙasar tun samun 'yancinta a 1847. Ya karanta aikin lauya, ya zama sanata a 1923, sannan alƙali a kotun ƙoli a 1937.

Tun kafin a rantsar da shi, ya raka Shugaba Edwin Barclay zuwa fadar Shugaba Roosevelt a 1943. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu na ci, Amurka kuwa tana matuƙar buƙatar robar Laberiya da filin jirgin samanta. Da hawansa mulki a Janairun 1944, sai ya shelanta yaƙi a kan Jamus da Japan.

Daga nan ya buɗe ƙofa ga masu jari na waje. Da kuɗin Amurka aka gina tashar jiragen ruwa ta Monrobiya, wadda aka buɗe a 1948. Aka fara haƙar tama ana fitarwa, ga kuma gonakin robar kamfanin Firestone da ke nan tun 1926. A 1959 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar tsaro, daga baya Muryar Amurka ta kafa tashar watsa shirye-shiryenta kusa da Monrobiya. A 1961 ya karɓi baƙuncin taron shugabannin Afirka masu sassaucin ra'ayi, cikinsu har da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Sai dai, mai karatu, wannan abota ba kowa ta yi wa rana ba. Kuɗi ya shigo, amma galibinsa ya tsaya a hannun zuriyar Amurka, 'yan asalin ƙasa kuwa suka ci gaba da aikin ƙarfi a gonakin roba. Bayan yunƙurin kashe shi a 1955, Tubman ya murƙushe 'yan adawa, Amurka ba ta juya masa baya ba, domin yana taya ta adawa da kwaminisanci.

Ya rasu a wani asibiti a Landan ranar 23 ga Yuli, 1971, bayan shekara 27 yana mulki. Shekara tara kacal bayan haka, sojoji 'yan asalin ƙasa ƙarƙashin Samuel Doe suka kashe magajinsa, William Tolbert. Ashe goyon bayan babbar ƙasa ba ya maye gurbin adalci a cikin gida.