Tarihin Paul Langerhans, Ɗalibin Da Ya Gano Tsibirai A Cikin Ciki

Da wuya a sami ɗalibi a cikinmu wanda bai san mai ciwon sukari ba, ko a gida ko a unguwa. Amma mutum nawa ne suka san cewa wani ɗalibi ɗan shekara 21 ne ya fara ganin wurin da wannan ciwo yake ɓuya?

An haifi Paul Langerhans a birnin Berlin na ƙasar Jamus ran 25 ga Yuli, 1847. Mahaifinsa likita ne, shi ma ya bi sawunsa. Ya yi karatu a Jena, sannan ya koma Berlin wurin shahararren malamin nan Rudolf Virchow. Tun yana ɗalibi, a 1868, ya gano wasu ƙwayoyin halitta a fatar mutum. Ya zaci na jijiya ne, sai daga baya aka gane cewa masu tsaron jiki ne daga cuta.

A 1869 ya rubuta littafinsa na neman digirin likita a kan fankiriyas, wato wata tsoka mai ɗan tsawo da ke kwance a bayan tumbi, wadda take fitar da ruwan narkar da abinci. Ya yi ta duba fankiriyas na zomo da madubin ƙara girma, sai ya lura da wasu ƙananan ƙwayoyi sun taru gungu-gungu, sun bambanta da na kewaye da su. Ya bayyana su filla-filla, amma bai ƙirƙiri amfaninsu don ya burge malamansa ba. Ya tsaya a kan abin da idonsa ya gani.

Bayan haka ya yi tafiya zuwa Siriya da Falasɗinu, ya yi aikin likitan soja a yaƙin Jamus da Faransa na 1870, ya kuma koyar a jami'ar Freiburg. Ana cikin haka, a 1874, tarin fuka ya kama shi. Dole ya bar aikinsa ya koma tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal don neman iska mai kyau. Ciwo bai sa ya naɗe hannu ba. Ya shiga nazarin tsutsotsin teku, yana duba marasa lafiya a garin Funchal, har ya rubuta littafin jagora a kan tsibirin. Ya yi aure a 1885. Ciwon ƙoda ya yi ajalinsa ran 20 ga Yuli, 1888, saura kwana biyar ya cika shekara 41.

Ya rasu bai san girman abin da ya gano ba. Shekara ɗaya bayan rasuwarsa, Minkowski da von Mering suka cire wa kare fankiriyas, sai karen ya kamu da ciwon sukari. A 1893 wani Bafaranshe, Laguesse, ya raɗa wa gungun nan suna tsibiran Langerhans. A 1901 Eugene Opie na Amurka ya ga tsibiran sun lalace a gawar mai ciwon sukari. A 1921 kuma Banting da Best suka tatso insulin a Toronto ta Kanada, wato sinadarin da tsibiran suke fitarwa don ya shigar da sukari daga jini zuwa ƙwayoyin jiki. Shi kansa sunan insulin daga kalmar tsibiri ta Latin ya fito.

Har birai sun taimaka wajen ƙarasa labarin. Wasu irin birai, idan suka yi ƙiba suka manyanta, sukan kamu da ciwon sukari kamar mutane. Da aka duba tsibiransu, sai aka tarar wani daskararren abu mai suna amiloyid ya taru a ciki, ƙwayoyin da ke yin insulin kuwa sun ragu, daidai da irin ɓarnar da Opie ya gani a jikin mutum.

'Yan'uwa ɗalibai, idan mun shiga ɗakin gwaje-gwaje aka ce mu zana abin da muka gani, kada mu kwafi na littafi ko na maƙwabci. Langerhans ya rubuta abin da ya gani ne kawai, ga shi yau miliyoyin mutane suna rayuwa da allurar insulin. Da ma Hausawa sun ce abin da ka shuka shi za ka girba, amma wani lokaci mai shuka daban, masu girbi daban.